KWAMFUTA TA MAKANCE, AMMA BA TA MUTU BA

Garin Maijirgi yana kan babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Maradi, ta ratsa Tasawa, ta nufi Damagaram. Ta wannan hanya buhunan hatsi da wake suke fita. Ta nan kuma sababbin kayan aiki suke shigowa ƙauyuka. Ɗaya daga cikinsu ita ce kwamfuta, wadda wasu ke kira ordinatar. Yau ana ganin ta a ofisoshin hukuma, da gidajen likita, da shagunan masu hoto. Manomi ko makiyayi, ko bai taɓa kai hannunsa gare ta ba, al'amuransa suna bi ta cikinta: takardar haihuwar ɗansa, hoton katin ɗan ƙasa, lissafin ƙungiya.

A ɗauki misalin magatakardan wata ƙungiyar manoma mai bankin cimaka. Sunayen duk waɗanda suka ɗauki bashin hatsi da damina suna cikin kwamfutarsa. Kaka ta yi, lokacin biya ya zo. Ya kunna ta da safe. Fitila ta kama, fanka tana juyawa, amma gilashin baƙi ƙirin. Wani ya ce ta mutu. Wani ya ce a sayar masa da ita da araha. In aka yi gaggawa aka sayar, lissafin ya tafi, gardama ta tashi a gari.

Sau da yawa irin wannan kwamfuta ba mutuwa ta yi ba. Makancewa ta yi.

MENE NE KATIN HOTO?

Kwamfutar tebur kamar amalanke take. Ƙafa daban, gatari daban, katako daban. In ƙafa ɗaya ta fashe, ba a jefar da amalanke, ƙafar ake sakewa.

Cikin akwatin akwai wani babban faranti da ake kira uwar kati. A jikinsa ake dasa sauran sassan. Akwai rumbun ajiya, inda sunaye da lissafi da hotuna suke kwance. Akwai kuma katin hoto. Shi ne ke mayar da aikin na'urar ya zama rubutu da hoto, ya aika wa gilashin. Ba ya ajiye komai. Saboda haka in ya lalace, abin da ke rumbun yana nan lafiya.

Kamfanoni biyu na Amurka, Nvidia da AMD, su ne suka fi ƙera ƙwaƙwalwar wannan kati. Gurbin da ake dasa shi sunansa PCI Express. An fito da shi a shekarar 2003, kuma har yau shi ake amfani da shi. Shi ya sa ake iya samun katin da zai shiga ko tsohuwar kwamfuta.

ME KE KASHE SHI?

Katin hoto yana zafi in yana aiki, sai aka yi masa fanka tasa. A ƙasar Tasawa da Mayahi yana da abokan gaba uku. Na ɗaya ƙurar hunturu, wadda ke toshe fankar. Na biyu zafin bazara, da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Na uku wutar injin da ke hawa tana sauka.

Kafin ya mutu yakan nuna alama. Layuka ko ɗige-ɗige masu launi su ɓata gilashin. Fankar ta riƙa gurnani. Hoto ya ɗauke in aiki ya yi nisa, ya dawo in ta huce.

A BINCIKA KAFIN A SAYA

Mai gyara na ƙwarai ba ya fara da cewa a kawo kuɗi. Yakan duba wayar da ta haɗa akwatin da gilashin, don wani lokaci ita ce ta yi sako-sako. Yakan gwada wani gilashin. Sannan ya zare katin, ya share shi, ya mayar. Kwamfutoci da yawa kuma suna da ƙaramin mai hoto a jikinsu tun daga masana'anta. In aka cire katin, aka sa wayar a bakin uwar kati, hoto ya fito, to an kama mai laifin. Ga mai rubutu da lissafi kaɗai, wannan ma ya isa, ba sai ya sayi komai ba.

In sai an saya, a tafi Maradi ko Damagaram ko Kano da tsohon katin a hannu. A auna tsawonsa, don wasu akwatunan sirara ne. A duba bakin wayar: akwai VGA mai launin shuɗi, akwai HDMI. A tambayi cin wutarsa. Gurbin da kansa wat 75 yake bayarwa. Wani katin wat 30 ya ishe shi, wani yana cin fiye da 300, sai an jawo masa waya ta daban. Mai aiki da hasken rana, ƙarami ya fi masa. In na hannu ne, a sa mai kanti ya gwada shi a gaban ido.

YADDA AKE SAKEWA

1. A kashe kwamfutar, a zare wayarta daga wuta.
2. A buɗe murfin gefe, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Wanda ya taɓa tuɓe riga da dare lokacin ɗari ya ga tartsatsi, ya san wutar da jiki ke tarawa. Wannan ƴar wutar tana iya ƙone kati.
3. A kwance ƙusar da ta riƙe katin a baya. A danna ɗan makullin da ke ƙarshen gurbin, a zaro shi a hankali.
4. A riƙe sabon ta gefensa. Kada a taɓa haƙoransa masu ruwan zinariya. A danna shi har makullin ya kama.
5. A ɗaura ƙusar, a rufe, a sa wayar gilashin a bakin sabon katin.
6. A kunna, a ɗora masa ɗan tsarin da kamfaninsa ya yi, don shi da na'urar su ji yaren juna.

Wanda bai taɓa yi ba, ya tsaya kusa da wanda ya iya, ya gani da idonsa. Matambayi ba ya ɓata.

Tsohon katin kuwa, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi wuta. Hayaƙinsa guba ne. A bar wa mai gyara.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A ɗora akwatin bisa tebur, ba a ƙasa ba. A rufe shi da zane in an tashi aiki, a yaye in za a kunna. Bayan hunturu a buɗe a kakkaɓe ƙurar da busasshen buroshi. Sannan kowace ƙungiya ta riƙe littafinta na takarda, a rubuce da hannu. Magatakardan da ya yi haka, ko gilashi ya yi baƙi ranar biyan bashi, zai buɗe littafinsa ya kira sunaye.