Malam-Buɗe-Littafi Mai Ƙetare Hamada

Da kaka, wajen watan Satumba da Oktoba, manoman Bagudo da Illo da Lolo sukan ga malam-buɗe-littafi da yawa a gonaki. Wasu sai su tsorata, su sayi magani su fesa. Sau da yawa wannan asarar kuɗi ce kawai.

Akwai wani iri mai ruwan goro, da baƙi da ɗigon fari a bakin fiffikensa. Masana suna kiransa Vanessa cardui. Baƙo ne. Daga Turai yake tasowa in sanyi ya gabato can, ya ƙetare teku da Hamada, ya sauka ƙasashen nan lokacin da ciyawa take ɗanya. A shekarar 2014 wasu masana biyu, Gerard Talavera da Roger Vila, suka tarar da shi yana hayayyafa jingim a ƙasar Benin, maƙwabciyar Bagudo. In ciyawa ta bushe sai ya yi kudu. Gab da bazara kuwa sai jikokinsa su juya arewa. Tafiyar nan, zuwa da komowa, ta kai kilomita 12,000, amma ba ɗaya ne ke gama ta ba, sai 'ya'ya da jikoki.

To, tsutsarsa galibi ganyen ciyayi take ci. Maɓarnaciyar ita ce tsutsar masara wadda ta ɓulla Nijeriya a 2016. Uwarta toka-toka ce, da dare take tashi, ba safai ake ganinta da rana ba. Alamarta huji-huji a ganye, da kashi kamar dusa cikin kan masara ko dawa.

A nan 'yan makaranta suke da amfani ƙwarai. Malami ya fita da su da hantsi, su tsaya wuri ɗaya minti 15, su ƙidaya waɗanda suka wuce, su rubuta kwanan wata da inda suka dosa. Sa'an nan su shiga gona su duba masara 20, su rubuta nawa ke da huji. A yi haka kowane mako, da kaka da kuma gab da bazara a gonakin fadama.

In an sami huji, a gaya wa malamin gona tun tsutsa tana ƙarama, domin a lokacin magani ya fi cin ta. In babu, manomi ya riƙe kuɗinsa, baƙon nan wucewa yake yi.