Agajin Gwamnati ga Manoma da Masunta a Lokacin Fari: Daga Ina Yake Fitowa, Wa Yake Isa?

Gabatarwa

Duk lokacin da ruwan sama ya ɗauke a tsakiyar damina, shuka ta fara yaushi, mutanen gari kan fita roƙon ruwa, daga nan kuma sai a zuba ido a ga abin da zai fito daga Abuja. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da gwamnatin tarayya ke bi wajen taimakon waɗanda fari ya shafa, da dalilin da ya sa taimakon kan makara, da kuma abin da ya sa masunta suka fi manoma shan wahala kafin a tuna da su. Daga ƙarshe zan nuna inda mu ɗaliban harshe muka shigo cikin maganar.

Ma'anar kalmomi

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mu rarrabe wasu kalmomi da kafafen yaɗa labarai kan cuɗa su. Agaji shi ne ɗaukin da ake kai wa wanda masifa ta riga ta faɗa wa, kamar hatsi ko bargo. Tallafi kuwa ɗagawa ne ga wanda yake kan ƙafarsa, kamar rangwamen taki ko iri. Diyya biyan asara ce ga wanda yake da haƙƙi a kanta. Rance kuma, kowa ya sani, sai an biya. Idan mai fassara ya kira rance da sunan tallafi, manomi zai karɓa da zaton kyauta ce, rigima kuma ta biyo baya ranar da aka zo karɓar kuɗi.

Tarihi a taƙaice

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu har sunaye suka raɗa wa shekarun yunwa, kamar Kakalaba ta shekarar 1913 zuwa 1914. A wancan zamani abin dogaro shi ne rumbun tsimi da zakka da taimakon dangi, sai kuma tafiya cin rani.

Farin da ya sauya tunanin gwamnati shi ne na 1972 zuwa 1974, wanda ya game yankin Sahel baki ɗaya, ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a Nijar da arewacin Nijeriya. A 1973 aka kafa hukumomin raya kogunan Sakkwato da Rima da na yankin Tafkin Chadi, a 1976 kuma aka faɗaɗa irin waɗannan hukumomi zuwa 11. A wannan shekara ta 1976 ce aka kafa hukumar agaji ta farko, wato NERA, wadda aikinta bai wuce karɓar kaya da raba su ba. A 1999 aka maye gurbinta da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, mai hedikwata a Abuja, aka kuma ɗora mata nauyin shiri tun kafin masifa ta auku.

Hanyoyin taimako

Hanya ta farko ita ce gargaɗi. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, wadda aka kafa a 2003, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, kuma a ina ake tsoron tsayawarsa a tsakiyar damina. Wannan shi ne taimako mafi araha, domin manomin da ya ji da wuri zai iya zaɓen iri mai saurin nuna.

Hanya ta biyu ita ce rumbunan ajiyar hatsi na ƙasa. A watan Afrilu na 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba da umurnin fitar da tan 70,000 na hatsi, a watan Fabrairu na 2024 kuma gwamnatin Bola Tinubu ta ba da umurnin fitar da tan 42,000. Abin lura shi ne, na farko saboda annobar korona aka yi shi, na biyu kuma saboda tsadar abinci. Wato rumbu ɗaya ne ake buɗe wa kowace irin masifa, don haka fari na iya zuwa ya tarar an riga an ɗebe.

Hanya ta uku ita ce inshorar noma. An ƙaddamar da shirin a 1987, hukumar NAIC ce kuma ke gudanar da shi. An tsara shi ne yadda gwamnati za ta ɗauke wa manomi rabin kuɗin da ya kamata ya zuba, idan fari ko ambaliya ko ƙwari suka lalata gonar a biya shi diyya. Sai dai galibin masu shiga su ne waɗanda suka ci bashin banki, domin sharaɗi ne na bashin. Ƙaramin manomin gero da ke noma da guminsa ba kasafai yake cikin rajistar ba.

Hanya ta huɗu ita ce ayyukan dogon zango: madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori, da shirin Fadama na noman rani wanda aka fara a farkon shekarun 1990, da hukumar dasa shingen itatuwa da aka kafa a 2015 don jihohi 11 da ke bakin hamada, da kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya.

Me ya sa agaji kan makara?

A ganina, babban dalili yana cikin halin farin kansa. Ambaliya dare ɗaya take zuwa, a ɗauki hotonta, kowa ya gani. Fari kuwa sanɗa yake yi. Babu ranar da za a nuna a ce yau ya fara, kuma muddin ana ganin hadari ana sa rai. Kafin a tabbatar da asara, kaka ta yi. Daga nan ƙaramar hukuma ta rubuta wa hukumar agaji ta jiha, jiha ta rubuta wa Abuja, a turo masu ƙiyasi, a nemi amincewa, sannan a ɗauko kaya.

Shi kuwa magidanci ba ya iya jiran takarda. Da farko zai rage tuwo, sannan ya sayar da akuya, sannan ya ci irin da ya ajiye, sannan ya jinginar da gona. Buhun masarar da ya iso bayan an sayar da shanun huɗa zai kashe yunwar mako biyu ko uku, amma ba zai mayar da mutum gona ba. Shi ya sa nake ganin lokacin da agaji ya iso ya fi yawansa muhimmanci.

Masunta: waɗanda ba a ƙirga su

Asarar manomi tana da ma'auni: eka kaza ta ƙone, dami kaza aka rasa. Masunci ba shi da gonar da za a auna. Asararsa ita ce kifin da bai hayayyafa ba, domin kifi irin su tarwaɗa da karfasa sun dogara ne da malalar ruwa cikin fadamu a damina don su yi ƙwai su girma. Idan kogi bai cika ya tumbatsa ba, sai bayan watanni za a ga taru yana fitowa ba nauyi. Asarar kuma ba ta tsaya kan mai kwalekwale kaɗai ba, ta haɗa da matan da ke banda da masu saƙa koma da dillalai.

Tafkin Chadi misali ne. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya janye kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Masuntan Baga sun riƙa bin ruwa har cikin ƙasashen maƙwabta, wasu kuma suka koma noma a kan ƙasar da ruwan ya bari. Mutumin da ke yawo haka, a wace ƙaramar hukuma za a rubuta sunansa?

Har ila yau, wani lokaci maganin da aka yi wa manomi kan zame wa masunci ciwo. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun raya noman rani a Kano, amma sun rage malalar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru. Bugu da ƙari, a 2024 an ɗauke sashen kula da kamun kifi daga ma'aikatar gona zuwa sabuwar ma'aikatar harkokin teku. Ke nan iyalin da ke noma da damina su yi su da rani, al'amarinsu ya rabu tsakanin ma'aikatu biyu a Abuja.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Yawancin takardun da na ambata da Turanci ake fara rubuta su, alhali masu buƙatarsu da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Nupanci suke tunani. NiMet ta fara fassara hasashenta zuwa manyan harsunan ƙasa har da Hausa, amma fassara a takarda ba ta isa ba sai ta shiga rediyo da masallaci da kasuwa cikin kalmomin da manomi ya saba da su. Haka kuma, wanda zai ƙiyasta asarar masunta dole ya san wane ne Sarkin Ruwa, ya san bambancin taru da koma da mamari, in ba haka ba sai a kawo wa mutane kayan da ba su dace da ruwansu ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa hukumomi da tsare-tsare suna nan tun daga shekarun 1970. Abin da ya rage shi ne gargaɗi ya isa da wuri, a yi rajistar manoma da masunta tun ana zaune lafiya, a kuma fito da taimako kafin magidanci ya taɓa jarinsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman batun kundin kammala digiri da su duba wannan fage: tattara kalmomin su da na noma da na yanayi daga bakin masu sana'ar, tun dattawan da suka ga farin 1973 suna raye. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.