Me ya sa "ɗan" ke koma wa "&#599;an" a takardun sanarwa?

Duk mai aikin karanta sanarwa a gidan rediyo a Birnin Konni, Malbaza ko Illela ya san wannan baƙon rubutu. Sanarwar rasuwa ce ko ta ɗaurin aure, an kwafo ta daga intanet an bugo, sai ga shi inda ya kamata a ga "ɗan Malam wane" an ga "&#599;an Malam wane". Wasu abokan aikinmu kan ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfuta, wasu su ce mai bugawa ne bai ƙware ba. Ko ɗaya ba haka ba ne. Harafin yana nan, lambarsa ce ta fito a madadinsa.

Ita dai kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A shekarar 1963 aka fito da tsarin ASCII a Amurka, mai gurabe 128, wanda ya ɗauki haruffan Turanci 26, da alƙaluma, da alamomin rubutu. Ba a yi shi da Bahaushe a zuciya ba. Sai da tsarin Yunikod ya fito a 1991 haruffanmu masu lanƙwasa suka samu gurbin da duniya ta yarda da shi: ɓ lambarsa 595, ɗ 599, ƙ 409, ƴ kuma 436.

A wannan shekara ta 1991 ne kuma Tim Berners-Lee, a cibiyar binciken CERN kusa da Janeba, ya bayyana HTML, wato ƙa'idar da ake tsara rubutun intanet da ita. A cikinta alamomin < da > da & ba rubutu ba ne, umarni ne. Idan aka rubuta <b>Galmi</b>, mai karatu ba zai ga komai ba sai kalmar Galmi da kaurin tawada. To idan malami yana son ɗalibinsa ya ga umarnin kansa da idonsa fa? Dole ya yi wa alamar laƙabi: ya rubuta &lt; a madadin <, &gt; a madadin >, sannan &amp; a madadin &. Da manhajar ta ga laƙabin sai ta nuna alamar kawai, ba ta bi umarnin ba. Ta wannan ƙofar ce ake shigar da harafin da babu shi a allon bugawa: &#599; na nufin "nuna harafi mai lamba 599", wato ɗ.

Nan ne gizo ke saƙar. Rubutu kan bi ta manhaja biyu ko uku kafin ya iso hannunmu. Ta farko ta mai da ɗ zuwa &#599;, ta biyu kuma ba ta san an riga an yi ba, sai ta ga alamar & ta sake yi mata laƙabi, ya zama &amp;#599;. Dabarar da aka yi don malami ya nuna umarni a fili ita ce yanzu ta tona asirin harafinmu, ta bar mai karatu da lamba tsirara.

Mu da ke bakin iyaka abin biyu ne gare mu. Dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 da ta daidaita rubutun Hausa a Nijar ta ce a rubuta ƴ, alhali ƴan uwanmu na Illelar Sakkwato 'y suke rubutawa. Saboda haka kalma guda kan zo mana da kama biyu: "&#436;an uwa" daga wannan gefen, "&#39;yan uwa" daga wancan, domin 39 ita ce lambar ɗan wakafin nan na sama.

Abin da ya fi damunmu shi ne maganin da masu buga takardu suka samo: jefar da lanƙwasa gaba ɗaya. Sai baƙi su zama baki, ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki. A cikin jumla Bahaushe zai gane da ma'ana, amma sunan mutum ko na ƙauye ba ya da ma'anar da za ta cece shi, kuma dangin mamaci ba sa yafe wa wanda ya karanta sunan ubansu a karkace. Akwai ma dalilin kuɗi. Saƙon tes na waya haruffa 160 yake ɗauka, amma da ƙ guda ya shiga sai iyakar ta sauko 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku. Harafin é na Faransanci, wanda ke cikin "Illéla" a takardun hukuma, shi yana wucewa ba tare da wannan harajin ba.

Gyaran ba ya buƙatar injiniya. A buga harafin kansa maimakon lambarsa. Allon bugawa na Gboard yana da Hausa, kuma WhatsApp ba ya ƙidaya haruffa kamar tes. A ajiye takarda da tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙira a 1992, shi ne kusan duk intanet ke amfani da shi yau. Wanda kuma takarda ta riga ta zo masa da lambobi, ya rubuta guda biyar ɗin nan ya liƙa kusa da makirfo: 595, 599, 409, 436 da 39. Manyan haruffan suna da nasu daban: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408, Ƴ 435. Su ne ake yawan gani a farkon sunaye, irin su Ɗanladi da Ƙasimu.