Kuɗin cizo: yadda za a yi da rigar katifa kafin zuwan masu feshi

Akwai ƙwaron da magidanta da yawa ba su so a ji sunansa a bakinsu, ko da ya yi wata da watanni yana hana iyalinsu barci. Shi ne kuɗin cizo, wanda a wasu wurare ake kira gazunzumi. Mutane sun ɗauka ƙazanta ce ke kawo shi, saboda haka suke ɓoyewa. Ba haka ba ne, jini yake bi ba dauɗa ba. Ko a Faransa, hukumar ANSES ta bayyana a shekarar 2023 cewa kashi 11 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. A nan gida kuwa, yakan shigo cikin jakar matafiyi, ko tsohuwar katifar da aka saya a kasuwa, ko akwatin ɗalibin da ya dawo hutu daga makarantar kwana.

Idan abu ya yi ƙamari, sai a kira ma'aikatan da suka san aikin feshi. To amma rabin aikin yana hannun maigida da uwargida tun kafin su iso, kuma inda aka fi yin kuskure shi ne wajen rigar katifa.

Sai mun san halin ƙwaron za mu gane dalili. Babbansa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, ga shi shafal kamar takarda, yana shiga duk inda bakin farce zai shiga. Da rana yana laɓewa a bakin ɗinkin katifa da ramukan gado da tsagar bango, da dare ya fito. Macen takan yi ƙwai ɗari biyu ko fiye a rayuwarta, tana manna su jikin yadi, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Likitoci ba su same shi da yaɗa wata cuta ba, amma ƙaiƙayi da rashin barci sun isa wahala, kuma yaron da ya yi ta susa yana iya jawo wa kansa gyambo.

Rigar katifa iri biyu ce, kuma kowace da yadda ake yi da ita.

Ta farko ita ce wadda muka saba da ita, ta yadi, wadda tela ke ɗinkawa domin kare soso daga dauɗa. Wannan cire ta ake yi, tare da zanen gado da rigar matashi da bargo, domin magani ya samu isa jikin katifar. Amma yadda ake cirewa shi ne magana. Uwargida takan yaye zanen ta kai tsakar gida ta kakkaɓe, ko ta rungumo shi zuwa ɗakin yara kafin ta samu ruwa. Wanda ya yi haka ya raba ƙwaron ɗaki ɗaki da hannunsa. Abin da ya dace shi ne a naɗe rigar a hankali daga gefe zuwa tsakiya, nan kan gadon, a sa ta cikin babbar leda, a ɗaure bakin tun cikin ɗakin. Ba za a kwance ba sai a bakin ruwan wanki. Ruwan kuma ya zama mai zafi ƙwarai, digiri 60 ko fiye, wato wanda hannu ba ya iya shiga, a bar kayan su jiƙa kamar rabin awa, gama zafi ne ke kashe ƙwaron da ƙwansa, sabulu kaɗai ba ya yi. Idan sun bushe a goge su da dutsen guga, a bi bakin ɗinki sosai, sannan a zuba su cikin sabuwar leda. Tsohuwar ledar a ƙone ta.

Ta biyu ita ce riga mai zik wadda ke rufe katifa ruf ta kowane gefe, wadda aka yi musamman domin wannan ƙwaro. Aikinta shi ne ta tsare wanda ke ciki har ya mutu da yunwa, ta kuma hana na waje samun maɓoya. Wanda ya riga ya sa irin wannan kada ya buɗe ta kafin ma'aikata su zo, don buɗewar daidai take da sakin fursuna. Ya bari su duba. In lafiya lau take, za su yi aikinsu a bayanta da jikin gado. In ta yage, ko da ƴar ƙaramar ƙofa ce kusa da zik, su za su cire ta, a yi wa katifar magani, a sa sabuwa. Wanda kuwa ya sayo sabuwa bai sa ba tukuna, ya ajiye ta cikin ledarta sai an gama aiki katifa ta bushe sarai. Da zarar an rufe, ba a buɗewa sai bayan shekara guda, domin kuɗin cizo yana iya yin watanni bai ci komai ba. Masu gadon ƙarfe su naɗe yadi a wuraren da ke da kaifi, don nan ne rigar ke fara yagewa.

Wani zai ce, ranar Tawa ko ta Damagaram a watan Afrilu ba ta isa ba? Ta isa ga tufafi kaɗan da aka ɗaure cikin baƙar leda aka bari yini guda. Ga katifa mai kauri kuwa, sama ke zafi, ƙwaron ya koma ƙasa inda ke da inuwa ya jira magariba.

Akwai kuma abin da ya kamata a bari ɗungum. Kada a yayyafa wa katifa piya-piya ko kananzir da sunan taimaka wa ma'aikata. Wannan yana tarwatsa ƙwaron ya bazu cikin bango inda ba a iya cim masa, ga shi kuma guba ne a wurin da jariri ke kwana. Ƙwayar da ake sa wa wake cikin buhu ta fi muni, hayaƙinta ya sha kashe mutane cikin ɗakin kwana a ƙasashe da dama. Dama ƙwaron ya daɗe da sabawa da magani: tun ƙarshen shekarun 1940 aka ga wanda DDT ba ya kashewa, yau kuma da yawa ba su jin irin maganin da ke jikin sangen sauro. Shi ya sa a sanar da ma'aikaci duk abin da aka taɓa fesawa, ba tare da jin nauyi ba.

Kada a fitar da gado ko katifa daga ɗakin, kada kuma a ƙaura zuwa wani ɗaki da kwana, gama ƙwaron zai bi mutum can. A tambayi ma'aikaci awa nawa za a yi kafin yara da mata masu ciki su shiga, a kuma tsai da ranar da zai dawo. Yawancin magunguna ba su kashe ƙwai, saboda haka akan sake feshi bayan mako biyu. Kayan da aka wanke waɗanda ba a bukata kullum su zauna ɗaure cikin ledarsu har wannan zuwa na biyu ya wuce.