3.3 Gidan Wanzami a Matsayin Asibitin Gado a Ƙasashen Dutsin-Ma da Kurfi

Kafin zuwan asibitin Turawa, har ma bayan zuwansa da shekaru masu yawa, gidan wanzami ne mutumin ƙasar Dutsin-Ma ko Kurfi yake dosa idan jini ya taru masa, ko maruru ya nuna, ko kuwa aka yi masa haihuwa. Wannan sashe zai dubi yadda irin wannan gida ya rayu a matsayin asibitin iyali, wato wanda uba yake bar wa ɗa, da kuma abubuwan da suka rage masa ƙarfi.

Wanzanci sana'a ce ta gado. Yaro yakan fara ne da ɗaukar wa mahaifinsa zabira da wasa aska, sa'annan a bar shi ya riƙa yi wa yara aski. Idan hannunsa ya faɗa sai a koya masa ƙaho da tsaga da sakiya. Kaciya da cire belu su ne na ƙarshe, domin kuskure a cikinsu yana iya kai ga asarar rai. Tare da aska ake koya masa itatuwa, kamar bagaruwa da ake dakawa a barbaɗa wa ƙaciya don ta bushe, da magungunan tsayar da jini waɗanda ba a gaya wa bare. Galibi da hunturu ake yi wa yara kaciya, saboda an fi ganin miki yana saurin warkewa a lokacin.

To amma babbar dukiyar gidan wanzami ba zabira ba ce. Dukiyarsa ita ce gidajen da yake yi wa aiki. Kowane wanzami yana da gidajen da ya gada, kuma idan ya rasu 'ya'yansa ne ke ci gaba da su, kusan yadda ake gadon gona. Ba daidai ba ne wani wanzami ya shiga gidan da ba nasa ba ya yi askin suna. Idan aka yi haka, magana takan je gaban Sarkin Aska, in ta gagara ta kai ga hakimi, wato Yandaka a Dutsin-Ma ko Maradi a Kurfi. Haka kuma biyan ladan aiki bai cika zama na nan take ba. Ranar suna akan ba wanzami nama da goro da ɗan kuɗi, da kaka kuma magidanci ya aika masa da damin gero ko dawa. Ke nan talaka yana iya kiran wanzaminsa da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba tare da fargabar abin biya ba. Wannan sauƙi ne da asibitin zamani bai zo da irinsa ba, kuma shi ya sa mutanen karkara suka daɗe ba su saki wanzami ba.

Bayan Turawa sun karɓi Katsina a 1903, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) aka sami asibitin En'e a birni. Sai dai ga mutumin Dutsin-Ma birni ya yi nisa, ɗakunan shan magani na gunduma kuwa ba su yin aikin aska. Canji na sosai ya zo ne bayan 1976, lokacin da Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Aikin madatsar ruwa ta Zobe da aka kammala a 1983, da ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sun ƙara wa garin ma'aikata da baƙi, aka sami yawan kemis da shagunan aski na inji. Ayyukan wanzami suka riƙa fita daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Cire haƙori da sakiya suka koma asibiti, samari suka koma aski a shago, tsagar gado kuwa iyaye da kansu suka fara ƙin ta.

Bayyanar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986 ta taɓa sana'ar ta wata fuska, domin an gane cewa aska ɗaya da ake yi wa mutane da yawa aiki da ita tana iya yaɗa wannan cuta da ciwon hanta. Daga nan aka fara neman wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane mutum. A nan ya kamata a faɗi gaskiya: ba duk abin da aka gada ne yake da amfani ba. Likitoci sun nuna cewa belu halitta ce, ba cuta ba, kuma cire shi ga jariri yakan jawo zubar jini ko sarƙewar haƙora. Yankan da ake yi wa mata shi ma illarsa ta bayyana, har dokar tarayya ta 2015 ta haramta kaciyar mata.

Abin da ya rage a hannun gidajen wanzamai shi ne askin suna da kaciyar yara maza da ƙaho. Biya kuwa ya fi komawa kuɗi hannu. Matsalar 'yan bindiga da ta tashi wasu ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma ta ƙara warware tsohuwar hulɗar, saboda magidancin da bai noma gonarsa ba ba shi da damin da zai aika, wanda ya yi hijira kuma ya rabu da wanzamin kakanninsa. Ɗan wanzamin da ya sami shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya yana iya yin kaciya da allurar kashe zafi da kayan da aka dafa, amma albashi yake jira, ba dami ba. A gida mai 'ya'ya da yawa, sau da yawa ɗaya ne kawai yake karɓar zabirar mahaifinsa.