Daga Dingaya zuwa ajin kimiyya: inda hanyar take tsinkewa a kudancin Jigawa

Yaron da ya gama ƙaramar sakandare a Dingaya, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, yau yana da ƙofofin karatun kimiyya a kusa da gida waɗanda mahaifinsa bai taɓa samu ba. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ta jiha da ke Kafin Hausa ta biyo baya a 2013, sannan a 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Kazaure kuwa ta daɗe da kwalejin Hussaini Adamu da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha. Iyaye sun ga wannan, sun kuma ga yadda ma'aikaciyar jinya ko injiniya ke ɗauke wa gidansu nauyi, shi ya sa kusan kowa ke so a ce ɗansa yana ajin sayans.

Sha'awar ta ƙaru ƙwarai. Abin tambaya shi ne ko koyarwar ta bi sahunta.

Tsarin da yankin yake bi ya samo asali ne daga tsohuwar jihar Kano. A 1977, lokacin da yawancin masu koyar da fizis da kemistiri da lissafi baƙi ne daga Indiya, Pakistan da wasu ƙasashe, gwamnatin jihar ta kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, ta buɗe guda biyu a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Dabarar mai sauƙi ce: a yi jarrabawa, a tsinto yaran da suka fi hazaƙa, a kai su makarantar kwana, a tara musu malamai da kayan gwaje-gwaje. Daga baya aka buɗe wasu a Taura da Jahun domin 'yan mata, da Kafin Hausa domin maza, waɗanda Jigawa ta gada da aka ƙirƙire ta ranar 27 ga Agusta, 1991. A kan waɗannan makarantu ne Farfesa Abdalla Uba Adamu ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988. Makarantar yara masu baiwa da gwamnatin Sule Lamido ta gina a Bamaina ma tunani ɗaya ne ya haife ta.

Ba a musun abin da tsarin ya samar. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da dama na Kano da Jigawa ta nan suka bi, cikinsu har da 'ya'yan manoma da ba su da wani gata sai kwanyarsu.

Amma aikin tsarin irin na rariya ne: yana tace abin da aka zuba masa kawai. Yaron da ya isa aji uku na ƙaramar sakandare bai iya rabawa ba, bai gane kaso cikin ɗari ba, ya faɗi jarrabawar shiga tun kafin ya zauna ta. A ƙauyukan Gwaram irin su Dingaya, Kila, Fagam da Basirka, a nan ne asarar take aukuwa, tun daga firamare. Ajin yana da cunkoso, damina ta zo yara sun bi iyaye gona, ranar kasuwar Sara wasu sun tafi talla. Malamin lissafin da aka turo daga birni kuma sau da yawa hankalinsa na kan neman canjin wurin aiki, domin babu gidan malamai, babu wani ƙarin alawus da zai zaunar da shi.

Akwai kuma wani sakamako da ba a cika faɗa ba. Waɗanda makarantun kimiyya suka yaye da kyakkyawan sakamako likitanci suke nema, ko haɗa magunguna, ko injiniyanci. Kaɗan ne ke zaɓar kwalejin horon malamai ta Gumel da son ransu. Ke nan tsarin yana kwashe mafi iya lissafi daga ƙauye, ba ya mayar da su ajin da suka fito. Shirin J-Teach, da jihar ta ɓullo da shi don ɗaukar malaman wucin gadi, ya rage giɓin, kuma gwamnatin Umar Namadi ta mayar da wasunsu ma'aikatan dindindin. Sai dai yawan malamai daban, samun wanda ya karanci fizis ko lissafi sosai daban.

Harshe ma yana cikin lamarin. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci yana fama da abu biyu a lokaci ɗaya: darasin da Turancin da ake koyar da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci duk tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a lissafi da kimiyya. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta kuma janye manufar a 2025. Malamin kirki a Dingaya bai jira Abuja ba, dama yakan yi bayani da Hausa ya rubuta da Turanci a allo, amma ba a horar da shi a kan hakan ba, littattafan da za su taimaka masa kuma ba su wadata ba.

Sai batun kwamfuta, wanda ya fi jan hankalin 'yan siyasa domin yana kyau a hoto. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara bin wannan hanya. Cibiyoyin jarrabawar suna manyan garuruwa, kuma ba baƙon abu ba ne ɗalibin karkara ya fara riƙe linzamin kwamfuta kwanaki kaɗan kafin ranar. Wannan ya buɗe kasuwar masu koyar da kwamfuta na kuɗi, mai hali ya biya, mara hali ya shiga da fargaba. Inda aka raba wa makarantu na'urori, rashin wuta da rashin mai gyara kan sa a kulle ɗakin. Hasken sola da wayar hannu sun sauƙaƙa wani abu, amma waya ba ta koya wa yaro lissafin da injiniyanci da rubuta manhaja suke tsaye a kansa.

Asarar ta fi tsanani ga 'yan mata. Asibitocin yankin na neman ungozoma da likitoci mata, amma shiga makarantun da ke horar da su sai da kiredit a Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. Yarinyar da makarantar jeka-ka-dawo ta garinsu ba ta da malamin kemistiri, iyayenta kuma ba su yarda ta tafi ta kwana ba, hanyarta ta ƙare ke nan.

Idan ma'aikatar ilimi a Dutse da hukumomin ilimi na Gwaram da Birnin Kudu za su zaɓi wuri ɗaya su fara zuba kuɗi, to ya zama malamin lissafi da kimiyya na firamare da ƙaramar sakandare: a ɗauko shi daga 'ya'yan yankin, a horar da shi, a gina masa gida kusa da makaranta, a biya shi alawus ɗin zaman karkara a kan lokaci. Sayen kwamfuta ya biyo bayan wannan.