Tankin Karya Matsin Ruwa a Bututun Gangare

Ruwan da ke gangarowa daga kan tsauni cikin rufaffen bututu yana ƙara matsi gwargwadon zurfin gangaren, domin kowace mita 10 da ya sauka tana ɗora nauyin kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita na jikin bututun, har marar kauri ya tsage a mahaɗa. Wannan ne ya sa a ƙasashe masu tsaunuka irin Nepal ake gina tankin karya matsi, wato ƙaramin ɗakin siminti inda ruwa ke zuba ya haɗu da iskar sarari, matsinsa ya koma sifili, sannan ya shiga bututu na gaba.

Gwanintar tana ga tsarin cikinsa: katanga a tsakiya tana kwantar da ruwan da ya shigo a fusace, bakin fita kuma dole ya nutse sosai don kada ya zuƙi iska, ga kuma mafitar ambaliya a sama.

Sai dai a tashar lantarki mai aiki da ruwa matsin nan shi ne jari, tunda shi ke juya injin. Inda ruwa ya wadata, kafa ƙaramin injin lantarki ya fi zubar da wannan ƙarfi a banza.